Bindigar Ruwa

In ka shiga babbar kasuwar Sakkwato ana jajibirin Sallah ka ce bindigar ruwa kake nema, rumfar kayan wasan yara za a nuna maka. A miƙo maka 'yar roba, ja ko shuɗiya, wadda yaro zai ɗura wa ruwan randa ya bi ƙannensa yana fesa musu, uwa na yi musu faɗa daga madafa. Sunan ya yi laushi, ya koma na wasa. Amma shekara ɗari da ashirin da 'yan kai da suka wuce, a wannan gari namu, duk wanda ya ji an ambaci bindigar ruwa cikinsa ne ke ɗurar ruwa. Da wannan suna kakanninmu suka san makamin da ya karya rundunar Sarkin Musulmi a hantsi guda.

Sunan ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya, don kalmomi biyu ne da bai kamata su kwana ɗaki ɗaya ba. Bindiga 'yar gidan wuta ce. Buɗe wuta ake yi, a yi musayar wuta, in an gaji a tsagaita wuta. Shi kuwa ruwa, shi ake fara miƙa wa baƙo kafin a tambaye shi daga ina. Da shi ake alwala, da shi ake yi wa jariri wankan farko, da shi ake yi wa mamaci na ƙarshe. In mai azumi ya kai faɗuwar rana, komai yawan abin da aka jera masa a tabarma, barka da shan ruwa ake ce masa. To ta wace ƙofa wuta ta shigo har ta ari sunan mai kashe ta?

Gaskiya ne, ruwa a bakin Bahaushe ba shi da shinge. Mutanen da ke ganin ruwan sama wata huɗu kacal a shekara sun ɗauki kalmar sun shimfiɗa ta a kan komai. Launi ruwa ne: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda. Wadda ta kasa zaɓe tsakanin atamfa biyu, ruwan ido ke damun ta. Abin da ya game gari ruwan dare ne. Bashin da ya haihu, kuɗin ruwa ya ɗora. Wanda ya shiga magana dumu-dumu ya yi ruwa ya yi tsaki, wanda ya janye jiki ya ce ba ruwansa. Makaɗan fada ma, tun daga Salihu Jankiɗi da ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku kiɗa har zuwa su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, in suna son nuna sarki ya gagari abokan gaba, sau da yawa gulbi suke mayar da shi ko hadarin da ya haɗo daga gabas, wato abin da ake roƙon Allah ya kawo, ake kuma tsoron ya yi yawa.

Leƙa maƙera ka ji wani. Gatari kashi biyu ne, ƙota da ruwa. Icen da hannu ke riƙewa shi ne ƙota, ƙarfen da ke sara shi ne ruwa. Haka fartanya, haka wuƙa, haka takobi. Ni dai ina ganin walƙiyar da ƙarfe ke yi in an wasa shi ce ta ja masa wannan suna. Ashe tun kafin Bature ya tako ƙasar nan harshenmu ya san ruwa na yanka. Masu iya magana suna cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. In ka duba da kyau, daga wani ruwa yake gudu ya kama wani.

Ita bindigar, wani Ba'amurke ne mazaunin Landan mai suna Hiram Maxim ya fito da ita a 1884. Duk wanda ya taɓa harba bindigar toka ya san yadda take dukan kafaɗa in ta tashi. Wannan duka da maharba ke sha a banza tun fil azal, shi Maxim ya sa aiki. Ƙarfin harsashin da ya fita shi ke tofar da kwanson, ya jawo na bayansa daga wata jigidar zane mai cin harsashi 250, ya cusa shi, ya harba, haka ba tsayawa muddin mai harbi bai saki ba. A minti ɗaya tana iya zubar da kimanin 600. Sai dai ƙarfe ba ya jure irin wannan aiki, bututun zai yi ja ya lalace. Don haka aka zura shi cikin wani kwaroron ƙarfe mai cin ruwa kimanin lita 4. In harbi ya yi tsawo ruwan ya tafasa, tururi ya riƙa tashi, sai a ƙara wani. A yaƙin Omdurman na Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, inda aka kashe mabiya Mahadi kimanin 10,000 a yini ɗaya, sai da ruwan wasu bindigogin ya ƙone ƙaf, aka riƙa juye musu na gorunan sojoji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ita kuma da ruwan ciki take aman wuta.

Makami mai jin ƙishirwa ke nan. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini. Mashi ba ya shan komai, kibiya dafi kawai take nema sau ɗaya. Wannan kuwa, a ƙasar da mata ke sammako rijiya tun kafin a kira assalatu, ita ma sai an ɗebo mata rabonta.

Ranar Lahadi 15 ga Maris 1903 aka yi yaƙin Sakkwato da Turawa, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, bazara ta fara kankama. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai cika wata shida a kan gado ba, don a Oktoban 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu. Shawara ta rabu: wasu suna ganin a yi hijira, wasu a nemi sulhu, wasu a tsaya a fafata. Daga ƙarshe aka fita bayan ganuwa, a fili, kudu da gari, wurin da ake kira Giginya. Sarkin Musulmi na tsakiya, Marafa Maiturare na riƙe da gefe ɗaya, Sarkin Rabah Ibrahim, mahaifin Sardauna, na riƙe da ɗayan. Masu harbi a rundunar Turawa ta su Kemball da Morland ba su kai 800 ba, amma suna tafe da igwa 4 da bindigar ruwa 4, suka ja sahu mai kusurwa huɗu. Dawaki sun sha lifidi, mazaje sun sha ɗamara, sai dai duk jarumtakar mai takobi sai ya isa inda abokin karawarsa yake, kuma wannan tazarar ce aka hana su ketarewa. Kafin rana ta take an gama.

Akwai wasu mutane da suka tsaya a gindin tuta. Ba su kai hari ba, ba su juya ba. In mai riƙe da ita ya faɗi wani ya karɓa, har suka ƙare. Sojan Turawa suka ɗauki tutar, amma ta sake komawa hannun mutanen Attahiru, ta bi shi gabas har Burmi, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903, ta zauna a hannun soja har 1960 kafin a maido wa Sarkin Musulmi Abubakar da ita. Waziri Buhari ya dawo gari da sauran jama'a, Gwamna Lugga ya naɗa Attahiru na Biyu ranar 21 ga Maris, ɗan Attahirun farko kuma, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya har ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan. Yau Giginya sunan barikin soja ne, sunan filin wasa ne, sunan otal ne. Inuwar giginya na nesa ka sha, kuma mu ne na nesan.

To wa ya raɗa wa bindigar suna? Wanda ke gabanta ba ya ganin ruwan cikinta. Abin da yake gani shi ne ƙura na tashi a jere tana nufo shi, doki na faɗuwa, na kusa da shi na faɗuwa, babu tsaikon da aka saba samu in ɗan bindiga ya tsaya ɗura albarushi. Wannan muna da suna gare shi tuntuni: ruwan kibau, ruwan duwatsu, ruwan bulala. Abin da ke sauko maka daga ko'ina ba ka da inda za ka kauce, ruwa ne. Amma wanda ke bayanta ya san wani ruwan daban, na gaske, wanda ake ɗebowa a gulbi a zuba mata ta wata 'yar kafa a toshe. Shi ya ɗauko ta a ka, shi ya kafa mata ƙafafu, shi ya ji zafin tururin a fuskarsa. Kuma shi ma Hausa yake ji. Turawan da ke cikin rundunar talatin ne da 'yan kai. Sauran duk baƙar fata ne, mafi yawansu Hausawa da Yarbawa, ga 'yan dako ɗaruruwa, kuma da Hausa ake ba su umarni. A ganina sunan ya zauna ne don ya dace da bakin mutum biyu a lokaci ɗaya, wanda ake harbi da wanda ke shayar da bindigar, kowa ya ji shi ya ce haka ne.

Akwai fuska ta uku, ita ce ta ruwa bindigar ta zo. Wannan sai da na kwashi iyali muka bi titi har inda ƙasa ta ƙare na gan ta da idona.

Hutun makaranta ne, cikin hunturu. Yara sun dame mu suna son ganin teku, mu ma manyan ba wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa. Uwargida ta haɗa guzuri irin na wanda bai yarda da abincin hanya ba: kilishi, dambun nama, fura a kula, da jarkar ruwan gida. Muka fita bayan asuba, Bodinga, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri. Kusan kilomita 1,000 ke tsakanin Sakkwato da Ikko, kuma itatuwa ne ke fara gaya maka ka yi nisa. Aduwa da gawo su ragu, kaɗanya da ɗorawa su karɓa, can gaba kwakwar manja ta rufe gefen titi, ƙasa ta yi ja, iska ta yi nauyi, kaikayin hunturu ya saki leɓe.

Abin da ban zata ba shi ne, duk garin da muka gangara shekaru sai su ja da baya. Kwantagora, inda aka kori Ibrahim Nagwamatse a 1901. Jabba, inda Lugga ya girke sabuwar rundunarsa a 1898. Ilori, wadda sojojin Kamfanin Neja suka ci a Fabrairun 1897, 'yan makonni bayan Bida. Ikko, wadda jiragen yaƙin Ingila suka yi wa luguden igwa a 1851 suka kuma karɓe ta a 1861. Shekara 42 abin ya yi yana hawowa daga bakin teku kafin ya iso Giginya. Mu muka bi sawunsa a juye, yara na barci a kujerar baya.

A gadar Jabba na tashe su su ga Kwara. Na gaya musu ruwan da suke gani a Kwalkwalawa in za mu jami'a, shi ne ke bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa wannan, ya biyo ta nan ya wuce Lakwaja ya shiga teku can gabas. Babban ya yi shiru yana kallo, ya ce, "Baba, ashe ruwanmu ya riga mu zuwa." A kusa da nan ne wani jirgin ruwa mai suna Dayspring ya daki dutse ya nutse a 1857. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani sojan ruwan Ingila, John Glover, wanda daga baya ya riƙe mulkin Ikko. A 1863 ya tara mutum 18 ya ba su bindiga, aka riƙa kiran su Hausawan Glover, kuma daga wannan 'yar ƙungiya sojan Najeriya ke lissafin asalinsa. Su wane ne? Yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, mutanen da aka kamo daga arewa a yaƙe-yaƙe da hare-hare, aka sayar hannu zuwa hannu har ƙasar Nupe da ta Yarbawa. Bature ya ba su albashi da bindiga da tabbacin ba mai sake ɗaura musu igiya. Da irinsu aka tafi yaƙin Asante a 1874, da su aka ci Ijebu a 1892. Ina tunanin mutumin da aka raba da gonar ubansa yana yaro, aka kora shi kudu a ƙafa, ya tsufa yana koya wa sababbin kurata harbi, su kuma su hau arewa da abin da ya koya musu.

Daga Ikko muka ɗauki titin Badagiri, wanda ke bin gaɓar teku ya nufi iyakar Seme. Cunkoson motoci ya riƙe mu a Alaba Rago, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, ga raguna, ga buhunan albasa irin wadda ake lodi a ƙasarmu. Bayan nan gari ya fara sakin mu, itatuwan kwakwa suka jeru, iska ta kawo wani wari-wari na gishiri da kifi.

Badagiri ba a bakin teku take kai tsaye ba. Akwai wani dogon ruwa kwance tsakaninta da shi, sai an shiga kwale-kwale an ketare zuwa tsibirin Gberefu, sannan a taka cikin rairayi. Wannan ita ce hanyar da aka bi da bayi zuwa jirgi. A tsakiyarta akwai wata rijiya, mai zagayawa da baƙi ya tsayar da mu a kanta ya ce, bisa abin da suka gada, nan ake tilasta wa bayi shan ruwa don su manta gida. Uwargida ta leƙa ciki ta ja da baya, ta kama hannun autarmu ta riƙe gam, ba ta sake ta ba har muka isa. A garinmu ruwa ake ba mutum ya ji ya iso gida.

Sai kuma tekun. Kafin ka gan shi ka ji shi. Hausa ta yi masa tanadi tun ba ta gan shi ba: waɗannan tuddan ruwa da ke tasowa su faɗi, raƙuman ruwa muke ce musu, wasu su ce taguwar ruwa, don mutumin Sahel da ya ga abu mai tozo yana tafe cikin ayari ba abin da zai faɗo masa sai raƙumi. Yara suka ɗanɗana suka tofar. Uwargida ta tsuguna ta yi alwala da shi, ta ce malamai sun karantar da mu ya halatta, ba za ta zo har nan ta bar wannan ba. Auta ta daɗe tana hange, sannan ta ce, "Baba, wanga gulbi ina ƙetarenai?"

Ƙetarensa Birazil. Can aka kai dubban Hausawa, musamman bayan 1804, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka yawaita kamammu ta kowane ɓangare. A 1807 hukumar birnin Salvador ta jihar Bahia ta gano shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla, a 1835 kuma bayi Musulmi suka yi babban boren da har yau ake karantawa a can. Da muka dawo cikin gari aka shigar da mu gidan ajiye bayi na Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40. Na shiga ɗaya. Ƙanƙane ne, duhu, da wata 'yar kafa can sama, ga zafi ga gumi. Shi kansa Abass an kama shi yana yaro an sayar, ya dawo ya shiga cinikin, ya yi arziki har aka naɗa shi Seriki Musulumi na Badagiri, ya rasu a 1919. A garin akwai tsofaffin igwa sun yi tsatsa, aka ce mana babba ɗaya da mutum 100 ake musayar ta. Mutane sun fita ta wannan ruwa, makamai sun shigo ta cikinsa, kuma ba duka hannuwan da suka miƙa mutanen ba ne na baƙi.

Ta wannan gari ne kuma Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufo Sakkwato karo na biyu. A Oktoban 1826 ya iske Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kewaye Konya, birnin Gobirawa na lokacin, ya kuma kalli faɗan da idonsa. Runduna ta dubbai, amma 'yan bindiga ba su kai 50 ba, kowa in ya harba sai ya ruga baya ya ɗura. Wadda ta fi burge shi a filin nan wata tsohuwar baiwar Sarkin Musulmi ce, Bazamfara. Tana bisa doki, ta rataya goruna cike da ruwa a sirdi, da tasar tagulla a hannu. Tana kutsawa har inda kibau ke sauka, ta shayar da wanda aka raunata, ta shayar da wanda ƙishi ya kayar, ta koma ta ciko ta dawo. Bai rubuta sunanta ba. Na fi tuna ta fiye da barade da yawa da aka rubuta nasu. A zamaninta ruwan fagen fama na mutane ne. Shekara 77 bayan haka, a bayan ganuwar Sakkwato, har da na bindiga ake ɗebowa.

Clapperton ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya kwashi takardunsa ya koma Badagiri, a 1830 ya sake tasowa daga nan shi da ƙanensa, suka shiga kwale-kwale suka bi Kwara har inda ta shiga teku. Daga ranar Turai ta san akwai hanyar ruwa zuwa cikin ƙasarmu. Shekara biyu kacal jiragen tururi suka fara hawowa.

A hanyar dawowa, in ka iso Bodinga, kufan Satiru na can gabas da kai ba nisa, a tsakanin ƙasashen Dange da Shuni da Danchadi, kimanin kilomita 22 kudu da Sakkwato. Talakawa ne suka taru a wurin, da almajirai, da bayi gudaddu masu yawa, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ya ƙetaro daga ƙasar Faransa, Ɗan Makaho, suna jiran bayyanar Mahadi, sun daina biyan haraji. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan Hillary ya tafi da sojojin doki ya kama shugabannin. Kafin soja su gama jan sahu, kafin a kafa bindigar ruwa, jama'ar gari suka auka musu da gatura da fartanyu da 'yan kibau. Dawaki suka firgita. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da soja 25, bindigar ruwan kuma ta faɗa hannun mutanen Satiru. Abin da dawakin daula suka kasa a Giginya, manoma suka yi shi da kayan gona. Ruwan gatari ya ci bindigar ruwa, sau ɗaya.

A daidai wannan lokaci, can Tanganyika, wani mai suna Kinjikitile ya riga ya raba wa mutane ruwan asiri ya ce harsashin Jamusawa zai koma ruwa a jikinsu. A Mahenge, cikin Agustan 1905, irin wannan bindiga ta kwantar da su jere-jere. Mu ma muna da wannan buri a bakinmu har gobe, in ana labarin maganin bindiga sai ka ji an ce an harbi wane bindiga ta zubo ruwa. Ba na yi wa masu wannan magana dariya. Mutumin da ba shi da komai sai fartanya, aka tsayar da shi gaban wuta, me zai roƙa in ba ruwa ba?

Ranar 10 ga Maris 1906 aka koma Satiru da soja fiye da 500 da bindigogin ruwa, da dawakin sarakunan Sakkwato a gefe. An kashe mutum kimanin 2,000. Aka kwashe mata da yara dubbai, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Wanda ya harba Hausa yake ji, wanda ya tare masu gudu a bisa doki Hausa yake ji, wanda ya faɗi Hausa yake ji. Bawan da ya gudu kudu ya sami kansa bayan bindigar, ɗan'uwansa da ya gudu Satiru ya sami kansa gabanta. Turawa ne suka ƙera ta, su suka kawo ta, su suka ba da umarni, kuma wannan alhaki ba ya sauka daga wuyansu. Amma in ana ba da labarin nan a zaure, ban ga zuri'ar da za ta miƙe ta ce ba ruwanta ba.

Jikokin bindigar sun daina shan ruwa, iska ke sanyaya su. Sunan ma ya sauya, yanzu mai jigida ake ce mata, kuma mutanen Isa da Sabon Birni sun san ƙararta cikin dare, a hannun 'yan bindigar daji da ke magana da harshen waɗanda suke harbi. Ruwa ya fita daga sunan, ya bar mu da abin adon mata a madadinsa.

A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin sabon titi daga Illela zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068. In Allah ya sa an gama shi, yaranmu da yawa za su ga teku, za su tsaya a kan rijiyar nan ta Gberefu, wani ɗan garin zai ba su labarinta tiryan-tiryan, don mutanen Badagiri sun riƙe nasu, mai daɗi da marar daɗi. Mai karatu, in kana Sakkwato, kada ka jira titin. Yau Giginya na cikin gari, Satiru ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba. Ɗauki yaranka wata Asabar ka kai su, ka gaya musu waɗanda suka tsaya a gindin tuta, ka gaya musu waɗanda suka fito da fartanya, ka kuma gaya musu wanda ya ɗebo wa bindigar ruwa.